Tambayi Injiniya: Kafin Ka Koma Aji Neman Digiri na Biyu

Wasiƙun da suka taru a akwatin wannan fili tun fitowar da ta gabata, kamar an haɗa baki, yawancinsu a kan magana ɗaya suke: komawa makaranta neman digiri na biyu a aikin injiniya na gine-gine, hanyoyi da ruwa. Na tsamo shida. Wasu na rage musu tsawo, sunaye kuma na cire kamar kullum. Wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, mai yiwuwa wani ya riga ya yi masa tambayar.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba Injiniya. Bara na kammala digiri na farko da sakamako mai kyau, amma har yanzu ban samu aikin da ya kwanta mini ba. Abokaina biyu sun riga sun koma makaranta, mahaifina kuma ya ce zai ɗauki nauyina in ina so. In wuce digiri na biyu tun karatun bai huce ba, ko in nemi aiki tukuna? Daga ɗanka, sabon injiniya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya saka wa mahaifinka da alheri, ba kowane uba ke faɗin haka ba. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina laluben abu guda, ban same shi ba. Ka gaya mini aiki ya yi wuya, abokai sun koma, ga mai biya. Ba ka gaya mini abin da kake so ka je ka sani ba. Digiri na farko zagayen gida ne, a leƙa da kai kowane ɗaki: ga kankare, ga ƙarfe, ga ƙasa, ga ruwa, ga hanya, ga safiyo. A na biyu kuwa ɗaki ɗaya za a tura ka a ja ƙofa, ka yi shekara ɗaya ko biyu a ciki. Wanda ya shiga bai san dalilin zaɓen ɗakin ba, zai fito da takarda, amma zaman zai gundure shi.

Bari in ba ka labarin abin da ya mayar da ni aji. Shekarata biyar ina aiki, ina ganin babu sauran abin da za a koya mini. Aka ba mu ginin wani katafaren ɗakin ajiyar kaya, ni ne injiniyan da ke tsaye a wurin. Na kula da kankaren nan kamar mai renon jariri. Duk ranar da aka zuba sai na cika 'yan akwatunan gwaji masu milimita 150, a kai ɗakin gwaje-gwaje a murƙushe wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Babu wanda ya gaza. Rodi kuwa sanda-sanda nake ƙirga shi kafin a rufe. Amma rahoton gwajin ƙasa, shafi ɗaya na buɗe a cikinsa, na kwafi lamba ɗaya, wato nauyin da aka ce ƙasar za ta iya ɗauka, na mayar da shi durowa. Ramukan da aka haƙa don gwajin ba su wuce mita biyu ba, ban kuma tambayi abin da ke kwance a ƙarƙashinsu ba.

Akwai wani dattijon birkila a cikin ma'aikatanmu. Ranar da muke fitar da harsashi ya matso kusa da ni ya ce, "Injiniya, wurin nan fa da fadama ce, cike ta aka yi." Na ce masa, "An gwada ƙasa, Baba, takarda na nan." Bai ƙara ko kalma ba, ya koma kan bulonsa.

Ba a cika shekara biyu da miƙa makulli ba daɓen ya fara lotsawa ta ɓangare guda, bango ya tsage daga kusurwar taga ya yi sama a karkace, manyan ƙofofi suka daina rufuwa. Da aka kawo injin haƙa aka nutsa sosai, sai ga laka mai taushi, kaurinta ya kai mita huɗu, a ƙarƙashin jar ƙasar da aka cike wurin da ita. Lambar da na kwafa ba ƙarya ba ce, ta saman ƙasar ce kawai. Nauyin cikon da na ginin da na kayan da aka jibge a ciki ne suke matse ruwan da ke cikin lakar sannu a hankali, kamar ka ɗora dutse a kan jiƙaƙƙen soso: ruwa na fita, laka na tsukewa, gini na bin ta ƙasa. An koya mana wannan a digiri na farko, na ma ci jarrabawarsa. Karl Terzaghi ya bayyana shi tun 1925, a aikin da ake ɗauka shi ne mafarin ilimin ƙasa na injiniyoyi. Sai dai a wancan lokacin lissafi ne kawai a kan allo. Sai da na tsaya gaban tsagaggen bango, mai gini na kallona, dattijon nan kuma ya sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido, sannan na ji yunwar saninsa.

Da wannan tsaga na shiga aji. Ranar da malami ya nuna cewa in nisan da ruwa zai bi ya fita daga laka ya ninka biyu, lokacin tsukewarta ninkawa huɗu yake yi, 'yan ajinmu da suka zo kai tsaye daga digiri na farko rubutawa kawai suka yi suka wuce. Ni sai da na ajiye biro, domin a nan na gane dalilin da ya sa har na bar wurin can ginin bai daina sauka ba. Sun fi ni saurin lissafi, wannan ba musu. Abin da na fi su shi ne na san inda abin yake ciwo.

Don haka, nemi aiki, ko da ba wanda ya kwanta maka ba ne. Shekara biyu, in ta yi yawa uku. Ko wurin ɗan kwangila kana shan rana, ko a ofishin zane kana bin lissafin manya. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu kana rubuta duk abin da ka gani ba ka gane ba: me ya sa kwalbatin nan ke toshewa duk damina, me ya sa kwaltar nan ta yi kwari a hannun da manyan motoci ke bi, ɗaya hannun kuma lafiyarsa lau. Ranar da ka ga tambayoyin sun karkata wuri guda, ka san ɗakinka ke nan. Akwai ma riba ta zahiri: wasu manyan tallafin karatu, irin Chevening na Birtaniya da wasu shirye-shiryen DAAD na Jamus da aka tanada don ƙasashe masu tasowa, sai da shaidar aikin shekara biyu suke duba takardar mutum.

Inda zan ce ka wuce kai tsaye guda ne, in koyarwa da bincike ne burinka har zuwa digiri na uku, kuma akwai malamin da ya riga ya san ka yana son ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Kada kuma jiran ya wuce kima, don lissafi tsatsa yake yi. Ni da na wuce biyar na ji a jikina. Abin da ba na so shi ne ka mayar da makaranta mafaka daga zaman kashe wando. Za ka fito ka tarar da tambayar da ka gudu ka bari tana jiranka a bakin kowane ofis: wane aiki ka taɓa yi?

TAMBAYA: Injiniya, barka da aiki. Shekarata huɗu a wani kamfanin gina hanyoyi. Na yanke shawarar komawa karatu amma na rasa reshen da zan kama: ƙirar gine-gine, ƙasa da harsashi, ruwa, hanyoyi da sufuri, ko gudanar da ayyuka. Don Allah wanne ya fi kasuwa? Daga ƙaninka a sana'a.

AMSA: Ƙanena, kasuwa juyawa take yi, wanda ya fi ci bana ba lallai ya fi ci ranar da ka gama ba. Gara in gaya maka abin da za ka wuni kana yi a kowanne, ka ga wanda za ka iya zama da shi shekara talatin.

Ƙirar gine-gine ita ta fi kowanne tsananin lissafi. A digiri na farko gini a tsaye yake, nauyin da ke kansa ma a zaune. A na biyu komai sai ya fara motsi: iska, girgizar ƙasa, har takun mutane. Gadar Tacoma a Amurka an buɗe ta a watan Yulin 1940, ta ruguje a watan Nuwamba na shekarar, ba guguwa ba ce ta kayar da ita, iska ce mai gudun kimanin kilomita 65 a awa ta sa ta murɗawa har ta tsinke. Shekara sittin bayan haka, a watan Yunin 2000, aka buɗe gadar masu tafiya a ƙasa ta Millennium a Landan, aka rufe ta bayan kwana biyu. Da gadar ta ɗan yi lilo gefe da gefe, sai mutane su daidaita takunsu da lilon don kada su faɗi, takun kuma ya ƙara wa lilon ƙarfi. Sai a 2002 aka sake buɗe ta bayan an sanya mata na'urorin shanye girgiza. In irin wannan labari yana sa ka ji kana son ɗaukar biro, to gidanka ke nan.

Ƙasa da harsashi nawa ne, saboda haka ka rage wani abu daga yabon da zan yi masa. Siminti da rodi kai kake yin odarsu, ka faɗi ƙarfin da kake so a kawo maka. Ƙasa kuwa yadda ka same ta haka za ka yi da ita, kuma ba ka ganinta. Don a gwada ƙarfinta, ana saukar da bututu a rami, a riƙa sako masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin milimita 760, a ƙirga bugu nawa ya nutsar da shi milimita 300. Daga irin waɗannan 'yan ramuka za ka yi hukunci a kan fili guda. Shi ya sa fannin yake son mutum mai shakka. Hasumiyar Pisa ta Italiya, da aka fara ginawa a 1173, a kan ƙasa mai taushi take, shi ya sa ta karkata kudu. An rufe ta a 1990 don tsoron faɗuwa. Kwamitin masanan da ya ceto ta, ciki har da John Burland na kwalejin Imperial da ke Landan, bai tokare ta ba, bai kuma ɗaga ɓangaren da ya nutse ba. Ƙasa suka riƙa zarewa kaɗan-kaɗan daga ƙarƙashin ɓangaren arewa, shi ma ya sauka, kan hasumiyar ya dawo baya da kusan santimita 45, aka sake buɗe ta a ƙarshen 2001. Duk shekarar da na ba ɗalibai wannan labari sai na ji daɗinsa kamar yau na fara ji. Ɗaya fuskar kuma ita ce madatsar ruwa ta Teton a jihar Idaho ta Amurka, wadda ta ɓalle a watan Yunin 1976 a cikarta ta farko, bayan ruwa ya samu kafa ya riƙa kwashe ƙasar cikinta.

Ruwa fanni ne na kirdado mai ƙa'ida. Misali ɗaya ya isa. In an ce an yi gada don ambaliyar shekara ɗari, mutane sukan ɗauka sai bayan shekara ɗari za ta zo. Ma'anarsa ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100. Tara wannan a shekara 30, ya zama kusan kashi 26. A shekara 50 kusan kashi 40. Wanda zai iya zama da irin wannan rashin tabbas ya kuma fahimtar da masu kuɗin aiki, zai ji daɗin fannin.

Gudanar da ayyuka kuwa sharuɗɗan kwangila ne, jadawali, kuɗi, da sasanta rigima. Yana da amfani ƙwarai ga wanda ya daɗe a fage har ya fara shugabantar mutane. Amma na ga da yawa sun zaɓe shi don gudun lissafi kawai, suka ƙare suna shugabantar aikin da ba su iya duba ingancinsa.

Na bar naka a ƙarshe da gangan. Ka sani cewa "hanyoyi da sufuri" abu biyu ne a rigar guda. Akwai tsara zirga-zirga, wanda ƙididdiga ce da tattalin arziki da halayyar direbobi. Akwai kuma ƙirar jikin hanyar kanta. Gwajin da aka yi a garin Ottawa na jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, inda aka yi ta zagaye da manyan motoci a kan hanyoyin gwaji har suka lalace, shi ya fito da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: in nauyin da ke kan gatarin mota, wato sandar da ke haɗa tayar hagu da ta dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan goma sha shida. Kai da ka yi shekara huɗu kana ganin kwalta na mutuwa kafin lokacinta, kana da jarin da ɗan ajinka ba shi da shi. Da ni ne kai, ƙirar hanya zan kama, in cika ta da darussan ƙasa, domin hanya ƙasa ce aka yi wa riga. Kuma kada sunan kwas ya ruɗe ka. Nemi jerin darussan da ke cikinsa ka karanta ɗaya bayan ɗaya.

TAMBAYA: Baba Injiniya, ina gaisuwa. Shekarata bakwai da gama digiri, ina aiki a ofishin zane, ina da yara biyu. Ina son in yi digiri na biyu a fannin ruwa ba tare da na bar aiki ba, amma lissafi nake tsoro, kusan duk ya zube. Anya zan iya? Daga 'yarka.

AMSA: Ina amsawa, 'yata. Za ki iya, amma ba lissafin ne babban abokin gabarki ba, lokaci ne. Bari mu ƙirga. A tsarin Birtaniya, alal misali, digiri na biyu maki 180 ne, kowane maki kuma ana ƙiyasta shi da awa 10 na karatu, wato awa 1,800. In kin raba a shekara biyu, kina neman kusan awa 17 a kowane mako, ba hutu. Kafin ki cike fom, ki zauna da maigida da duk wanda zai taya ki riƙon yara, ki nuna musu wannan lamba, a fitar da inda awannin za su fito. Waɗanda na ga sun yar da karatun a tsakiya, yawancinsu ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, wannan zama ne ba a yi ba. In makarantar ta yarda a yi a shekara uku, babu abin kunya a ciki.

Shi kuwa lissafin, bai zube ba, ƙura ce ta rufe shi. Ba duka kike buƙata ba. Ki ɗauki wata uku kafin a fara, ki koma kan kalkulas, musamman lissafin abin da ke canzawa da lokaci, sai matiriks, sai ƙididdiga da lissafin yiwuwa, wanda a fannin ruwa shi ne abincin yau da gobe. Ki tono littafinki na ilimin gudanar ruwa ki sake bin misalansa da hannu. Ki kuma fara koyon rubuta wa kwamfuta 'yan umarni a Python ko MATLAB, domin bayanan ruwan sama na shekara talatin ba a bin su da kalkuleta. Awa ɗaya kullum da asuba ta fi wuni guda a ƙarshen mako.

Wata dabara kuma: ki zaɓi batun kundin bincikenki daga aikin ofishinku, da izinin shugabanninki a rubuce. Kin samu bayanai a hannu, su kuma sun ga amfanin barin ki ki tafi aji.

TAMBAYA: Malam, na ƙware a ETABS da SAP2000 da AutoCAD, ina fitar da zanen bene cikin kwana biyu. Me digiri na biyu zai ƙara mini? Daga wani matashin injiniya.

AMSA: Zai koya maka ranar da kwamfuta ke yi maka ƙarya. Ba laifinta ba ne. Abin da ka ba ta shi take dafawa. Manhajojin lissafin gini irin ETABS da SAP2000 a kan dabara ɗaya suke tafiya, ta yayyanka gini zuwa ƙananan gutsattsari a lissafa kowanne sannan a haɗa, wadda Ray Clough na jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya raɗa wa suna "finite element" a 1960. Kafin nan da hannu ake yi, da irin hanyar da Hardy Cross ya fitar a 1930. A digiri na biyu za a sa ka buɗe cikin dabarar, wataƙila ma ka rubuta ƙaramar manhajarka, ka ga yadda kuskure ɗaya wajen gaya wa kwamfuta yadda ginshiƙi ya haɗu da harsashi yake canza amsa gaba ɗaya, zanen kuma ya fito da launukansa masu kyau kamar babu abin da ya faru.

Ga jarrabawa. In tsawon bim, wato dogarin da ke kwance a kan ginshiƙai, ya ninka biyu, nauyin da ke kan kowace mita bai canza ba, sau nawa lanƙwasarsa za ta ƙaru? In ka ce goma sha shida ba ka taɓa kwamfuta ba, madalla. In sai ka kunna ta, to kana buƙatar komawa aji, ko aƙalla komawa littafi. A watan Yulin 1981 barandun da aka rataye a zauren wani otal a Kansas City ta Amurka suka rufto, mutum 114 suka mutu. Asalin zanen sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa ke riƙe da baranda biyu. Aka canza ta zuwa sanduna biyu don sauƙin aiki, canjin ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar barandar sama. Lissafin da zai tona wannan bai cika bayan ambulan ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina da halin fita waje karatu. Wace ƙasa ta fi, kuma in zaɓi mai darussa zalla ko mai bincike? Daga mai bibiyar filinka.

AMSA: Tare da naka. Tsarin ya bambanta. A Birtaniya wata goma sha biyu ne cur, darussa a farko, kundin bincike a watannin ƙarshe. A yawancin ƙasashen Turai, irin Jamus da Holan da Italiya, shekara biyu ce. A Amurka yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma sau da yawa kai za ka zaɓa ko da kundi ko babu. Akwai shirin Erasmus Mundus da ake yin karatun a ƙasashe aƙalla biyu. Mai son ruwa ya san da cibiyar IHE da ke Delft a Holan. Inda da Turanci ake koyarwa, yawanci za a nemi sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL.

Gajeren tsari yana rage kashe kuɗi, amma ka san abin da ka saya. In bincikenka na kankare ne, kowane zubi sai ka jira kwana 28, a wata uku zubi nawa za ka yi? In na laka ne, a gwajin tsukewa kowane nauyi da ka ɗora yakan kwana ya wuni, awa 24, kafin ka ƙara wani. Wanda yake hangen digiri na uku ya nemi tsarin da bincike ke da fili a cikinsa. Wanda zai koma ofis ya ci gaba da zane, darussa masu kyau da ɗan kundi sun wadatar.

Ni dai ba ƙasa nake fara dubawa ba, malami nake dubawa. Jami'a mai suna da malamin da ba ya da lokacinka, wahala ce mai tsada. Karanta maƙaloli uku na ƙarshe da ya wallafa. Nemi ɗalibansa na da ka tambaye su abu biyu: kwana nawa yake yi kafin ya dawo da babin da aka ba shi, kuma na'urorin ɗakin gwajin suna aiki ko ado ne. In za ka rubuta masa, kada ka aika wasiƙar da ka aika wa mutum hamsin. Suna gane ta daga layin farko. Sakin layi biyu sun isa: ga abin da na gani a wurin aiki, ga inda ya haɗu da bincikenka. Batun kuma ka matse shi. "Matsalolin harsashi a ƙasa mai laka" ba batu ba ne, rayuwa ce guda. Laka iri ɗaya, gwaji iri ɗaya, tambaya ɗaya.

Abu na ƙarshe da ba a cika faɗa ba: kowace ƙasa da ƙa'idojin ƙirarta take koyarwa, Turai da Yurokod, Amurka da nata irin ACI da AASHTO, kuma da matsalolin yanayinta. Za ka iya shafe makonni kana koyon yadda ƙanƙara ke kumbura ƙasa a ƙarƙashin hanya, alhali inda za ka yi aiki zafi ne da ruwan sama mai ƙarfi ke kashe ta. Tushen ilimin ɗaya ne, amma fassara shi zuwa ƙasar da za ka taka aikinka ne, ba wanda zai yi maka.

TAMBAYA: Injiniya, digirina na farko a kimiyyar lissafin kuɗin gini ne. In na yi na biyu a aikin injiniya, zan zama injiniya mai rajista? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Ba kai tsaye ba, ɗan'uwa. Digiri daban, lasisi daban. Hukumomin rajista sukan fara duba digiri na farko ne, ko na injiniya ne da suka amince da shi, sannan shekarun aiki a ƙarƙashin mai lasisi, sannan jarrabawa ko ganawa. A Amurka, ga wanda ya bi hanyar da aka saba, jarrabawa biyu ce da kimanin shekara huɗu ta aiki. Kafin ka biya ko sisi, rubuta wa hukumar ƙasar da za ka yi aiki ka tambaye ta matsayin mai irin takardarka, ka kuma ajiye amsar. Sashen gudanar da ayyuka zai karɓe ka hannu bibbiyu. Na ƙirar gine-gine ko na ƙasa kuwa, in ma sun karɓe ka, sai ka fara cike giɓin darussan ƙarfin kayan gini, nazarin ƙira, ilimin ƙasa da gudanar ruwa, abin da kan ci kusan shekara guda. Aiko mini da jerin darussan da ka yi, in duba in gaya maka waɗanda suka rage.